Ranar da Jar Motar Alhaji Bawa Ta Sha Ruwa

Habibu, Rabi, da sauranku, har da jikokin da ke yi mini dariya in na riƙe biro kamar na riƙe sukundireba: wannan babin ba na son a tsallake shi. Na san halinku, inda ake dariya kuke nema, inda babu ku juya shafi. Aji huɗu na yi a firamare, na huɗun ma rabinsa a bakin ruwa na yi shi, saboda haka wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara a zuciyarsa ya bar mini takardata. Akwai abin da ya fi rubutu bukatar gyara, shi ya sa na zauna.

Kun tashi kun tarar ana kirana Injiniya, har wasunku na zaton a takardar haihuwata yake. Kun kuma tashi da labarin jar mota: wai ta gagari kowa a Yelwa, wani mashayi ya hargitsa mata wayoyi, ubanku ya zo ya gyara ta kafin azahar. Ni na ba ku labarin, kuma duk shekara sai na ƙara masa gishiri. A sunan ɗan Rabi da aka yi a Wara watan jiya, Habibu ya miƙe a gaban mutane ya ba da shi da muryar nan tasa ta masu digiri, har da kwaikwayon tafiyar mashayi. Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai na hangi wata mata da ta zo taya girki ta ajiye ludayi a kan murfin tukunya, ta gyara ɗankwalinta, ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba. Sunanta Rifkatu. Wanda Habibu ke kwaikwayo ubanta ne, kuma shi ne ya koya mini duk abin da na ci da ku da shi.

Sunansa Yohanna. Bakambare ne, Kirista, daga ƙasar Ngaski, cikin waɗanda ruwan tafki ya cinye tsohon garinsu lokacin da aka datse kogi, tun yana saurayi. Ya tafi birni ya koyo aikin wutar mota, ya dawo ya kafa rumfar kwano a Yelwa, gefen hanyar da manyan motoci ke bi. A tasha ya tsince ni ina dakon kwandunan kifi, da baki fiye da ƙarfi, ya ce in zo in riƙe masa waya. Shekara takwas muna tare, har na zama gemu da gemu da masu kawo aiki, amma Maigida nake kiransa. Ran Juma'a shi ke kora ni masallaci in na tsaya surutu. Ran Lahadi shi yana coci, ni ke tsaron rumfa. Kayan aikinsa da ya fi ji da shi ba wani abu ba ne illa ƙwan fitila ɗaya da ya liƙa wa waya biyu, yana ajiye shi a gwangwanin madara. Da shi yake bin mota gaɓa gaɓa: inda ƙwan ya kama akwai wuta, inda bai kama ba babu, inda ya kama dishi-dishi akwai magana. Ni kuwa filaya ce abokiyata. In na ga wayar da fuskarta ba ta yi mini ba sai in datse ta, in tambaye ta daga baya.

"Mamman, aje filaya," in ji shi. "Ka tambayi ƙwai tukuna."

Yakan ce wuta kamar ruwan noman rani take. Daga batir take fitowa, ta bi lambatunta, ta yi aikin da aka aike ta, sannan dole ta koma gida ta jikin ƙarfen mota. In ba ta iso ba, an toshe ta a hanya. In ta iso ba ta sami hanyar komawa ba, sai ta fasa ta shiga gonar maƙwabci. Ku riƙe wannan, za ku bukace shi gaba kaɗan. Kun ga ni ma malami ne in na so.

A shekarar da nake ba ku labari an riga an kai gaisuwar aurena da innarku, an ce sai an gama girbin shinkafa. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, kawunta Alhaji Bawa ke riƙe da ita, shi ne kuma zai ba da aurenta. Dillalin bandar kifi ne, motocinsa na kai kifi har Kurmi, kuma mutum ne da ba ya maimaita magana. Da ƙyar ya yarda da ni, don ya ce bai ga abin da mai wasa da waya zai ci da mace da shi ba. To, Alhajin nan ne ya je Ikko ya ga wata tsohuwar mota ja ta shiga ransa, ya ɗoro ta a bayan motar kifi ya kawo Yelwa. Irin motocin gudu ce, ƙofa biyu, kujera biyu. Tun a lokacin ta tsufa, amma ba mu taɓa ganin irinta ba. Gajera ce ƙwarai, akuya mai ciki ta fi ta tsayi. In Alhaji zai shiga sai ya cire hula, ya naɗe babbar riga, ya shiga da baya kamar mai shiga rumbu. Abin da ya fi ɗaukar hankali fitilunta: a rufe suke cikin goshinta, sai an murɗa makunni ta ɗaga fatar ido ta dube ka. Har daga Shanga an zo kallonta.

Ciwo ɗaya ta zo da shi. Makunnin fitilu da ke jikin sitiyari ya cinye, fitilu ba sa tsayawa sai in an riƙe shi da hannu. Irinsa kuwa babu a Yauri, babu a Kontagora. Maigida ya kwance shi a kan farin ƙyalle, ya jera ƙananan kayan cikinsa kamar mai shanya kuɓewa, ya goge harsunan tagulla, ya ɗan lanƙwasa wanda ya kwanta, ya mayar. Kwana biyu ya yi a kai. Ran Asabar da yamma motar ta buɗe ido biyu ta riƙe su. Ya miƙa mini makulli.

"Gobe ka wanke ta, ka kai ma Alhaji. Da bokiti, Mamman. Bokiti da tsumma, nan gaban rumfa. Ka ji ni?"

"Haba Maigida, yau na fara wanke mota?"

Ku da kuka tashi da wuraren wankin mota masu injin feshi ba za ku gane ba. A zamaninmu kogi ne wurin wanki. Direba zai gangara bakin ruwa, ya shigar da motarsa har ruwa ya kai rabin taya, a wanke ta sama da ƙasa, ya fito tana ɗiga. Gingimari na yi, a-kori-kura na yi, motar haya na yi. Babu wanda ya taɓa ganin aibun haka, don motocinmu duk dogayen ƙafa gare su. Kuma na san ran Lahadi innarku na bakin ruwa tana duba matan da ke yi wa kawunta bandar kifi. Yanzu ku faɗa mini tsakani da Allah, saurayi mai makullin jar mota a aljihu, budurwarsa na bakin kogi, bokiti zai ɗauka? Kada ku amsa. Amsar ita ce i, bokitin ya kamata ya ɗauka.

Na gangara da rana tsaka, na danna hon, na ɗaga mata ido biyu alhali rana na ƙwala. Mata suka bar kifi suna kallo. Na shiga ruwa a hankali kamar yadda na ga manya na yi. Wani direban gingimari da ke wanki gefe ya ɗaga murya.

"Kai Mamman, wagga ba ta da ƙahwa! Tsaya nan!"

Na ɗaga masa hannu irin na masu abin hannu, na ƙara gaba kaɗan. Na buɗe ƙofa zan fito in yi taƙama, daidai lokacin wani jirgi mai inji ya wuce ya turo igiyar ruwa. Sai na ji sanyi a idon sawuna. Kogi ya shigo motar Alhaji ya zauna. Na rufe ƙofa, na ja da baya da sauri har ta hau tudu. Mutane sun ga mota a ruwa, amma mota a ruwa ba labari ba ne a Yelwa, kowa ya koma harkarsa. Mutum ɗaya ne ya leƙa ciki. Innarku ta zo da ƙwarya, ta miƙo mini ta taga, tana rufe baki da mayafi.

"Direba, ga ta. Ko in kira masunta su jefa taru?"

Na kwashe ruwan da ƙwaryar, na goge kafet da tsumma, na buɗe ƙofofi rana ta busar da samansa. Na tayar da mota ta tashi. Na murɗa makunni ta buɗe ido. Na ce alhamdu lillahi, na kai wa Alhaji ita tana ƙyalli, har ya ce ashe yaron nan na da amfani. Ban ɗaga kafet ɗin ba. Na san akwai soso mai kauri a ƙarƙashinsa, na san soso ba ya sakin ruwa. Na dai zaɓi in manta.

Mako biyu lafiya lau. A na uku motar ta haukace. In Alhaji ya taka birki sai idon hagu ya tashi shi kaɗai. In ya sa sigina ta dama sai fitilun baya duka su kama lumshewa tare kamar masu jin barci, hon kuma ya yi wani nishi. Wata Juma'a ya zo ajiye ta gaban masallaci, ya taka birki daidai liman na wucewa, sai ta ƙifta wa liman ido ɗaya. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce aljanun ruwa ne suka shige ta, kuma wallahi ba su yi nisa da gaskiya ba. Alhaji ya kawo ta rumfa ran Asabar fuskarsa kamar hadari.

Ga halin Maigida: aikin hannunsa ya fara zargi. Ya sake kwance makunnin nan da ya gyara, ya duba shi harshe harshe, ya tarar lafiya yake. Ya duba fis ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ƙone. Sannan ya fito da ƙwai daga gwangwani ya koma bayan mota. Ya ce in taka birki, ya taɓa wayar da ke kawo wuta, ƙwai ya kama tar. Ya taɓa gindin fitilar, inda bai kamata a sami komai ba, sai ƙwan ya kama dishi-dishi.

"Wuta na zuwa," ya ce. "Komawa ce ba ta yi. Shi ya sa take shiga gidajen mutane."

Ya fara bin baƙaƙen wayoyin komawa daga baya zuwa gaba, da yatsa, taƙi taƙi. Ni ina tsaye ina riƙe masa waya, na kuwa san inda za su kai shi. A motar nan duk wayoyin komawa a kan ƙusa ɗaya aka ɗaure su, ƙarƙashin ƙafar direba, kusa da ƙaramin akwatin da ke ba fitilu umarnin buɗe ido. Wato daidai inda kogi ya zauna. Magariba ta yi bai kai can ba, ya ce sai Litinin. Ranar Lahadi na wuni ni kaɗai da motar, amma makulli na aljihunsa. Na zagaya ta ya fi sau ashirin. Da na faɗa masa tun ran Asabar, da zagi biyu zan sha a wuce wurin. Abin da nake gani kawai shi ne fuskar Alhaji in ya ji na kai motarsa kogi don in burge ɗiyarsa, da kayan gaisuwa ana dawo da su gidanmu a kan kai.

Ran Litinin na iso na tarar da Maigida ya riga ni. Yana kwance rigingine, kansa ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje. Na gaishe shi ya amsa daga ciki. Da hantsi sai ga Alhaji da abokansa uku, ga direbobin da ke jiran aiki zaune a benci, ga mai shayi na gefe ya miƙo wuya.

"Yohanna," in ji Alhaji, "mota ta zo maka da ciwo guda, ka ba ni ita da bakwai. Mi ka gani?"

"Alhaji, ka ba ni zuwa la'asar."

"Ba la'asar na tambaye ka ba. Mi ka gani?"

"Ina kan dubawa, ranka ya daɗe."

Alhaji ya cire hula ya sunkuya zai leƙa. Daga inda nake tsaye na hangi kusurwar kafet a ɗage. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. A'a, wannan ma ƙarya ce, kuma na yi alkawarin ba zan yi ta a babin nan ba. Na sani sarai. Na zaɓi kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaji, ba laifin mota ba ne. Wayoyi anka haɗa ba daidai ba tun gyaran farko. Ni na gani, kunya ta hana ni magana. Hannun Maigida ya fara rawa." Sai na ɗaga hannu biyu zuwa baki kamar mai shan abu a ƙwarya, na ce, "Kun san kuma jiya Lahadi."

Benci ya fashe da dariya. Ku fahimci abin da na yi. Kowa a wurin ya san ana dafa burkutu a ƙauyukan su Maigida, kuma da yawa cikin masu dariyar a shirye suke su yarda duk Bakambaren da ba ya salla mashayi ne. Ban ƙirƙiro musu wannan tunanin ba, na dai san yana nan, na ɗauke shi na jefi mutumin da ke kora ni masallaci. Shekara takwas muna ci a kwano ɗaya, ban taɓa jin warin komai a bakinsa ba sai goro.

Maigida ya fito daga ƙarƙashin sitiyari a hankali. Ya goge hannu da tsumma yatsa yatsa. Ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da yake yi wa ƙwai in ya kama inda bai kamata ba. Ya naɗe wayoyin ƙwansa ya sa a gwangwani. Alhaji ya miƙa hannu, Maigida ya ba shi makulli, Alhaji ya jefo mini.

"To kai mai gani, gyara."

Yanzu ga babban aikin injiniyan da kuke alfahari da shi. Na ce kowa ya ba ni wuri. Na ɗaga kafet, soson na nan jiƙe, yana warin kogi. Ƙusar ta yi kore da fari kamar tsohon tuwo, bakin wayoyin duk sun ci tsatsa. Na kwance ta, na kankare ƙarfen da samfefa har ya yi haske, na goge bakin kowace waya, na ɗaure, na shafa man giris. Na buɗe ƙaramin akwatin na zazzage yashi, na shanya shi a kan kwanon rumfa. Soson na cusa a buhu na ɓoye. Babu wata basira a ciki: wanda ya san inda ya zubar da abu ba ya daɗewa wurin nema. Sannan, don a ga shaida, na datse wayoyi biyu masu lafiya a ƙarƙashin sitiyari, na sake haɗa su yadda suke, na naɗe da sabon tef mai ƙyalli, na nuna wa Alhaji na ce ga inda aka yi ɓarnar. Kafin azahar mota ta buɗe ido biyu, birki ya zama birki, sigina ta zama sigina. Alhaji ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce, "Injiniya!" Daga nan sunan ya fito. Abu ɗaya ban faɗa wa kowa ba: da na sa sufana a kan ƙusar, na tarar an riga an sassauta ta, ga sabon tabon sufana a jikinta. Na hana kaina fahimtar ma'anarsa shekara talatin da wani abu.

Daga ranar masu mota suka fara cewa Injiniya suke so. Maigida na zaune a benci, a wuce shi a zo wurina. Bai yi wata biyu ba ya ɗaure akwatin kayansa ya shiga jirgi ya koma Wara, ya kama gyaran injin jiragen ruwa. Rumfar ya bar mini, bai ce in ba shi komai ba. Ranar ɗaurin aurena na hango shi a bayan taro da wankakkiyar rigarsa. Ya jira aka watse, ya ba ni hannu, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, ya juya. A shekarar farko innarku ta taɓa ce mini, tana tankaɗe, ba ta ko dube ni ba, "Ƙwaryar nan fa ni na miƙa maka." Na yi mata tsawa irin wadda ban sake yi ba. Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Alhaji ya rasu yana yabona, motar ta ruɓe a bayan gidansa, kaji na ƙwai a kujerar direba.

Washegarin sunan nan, muna Wara a gidan Rabi, na zauna ina jiran kunu. Innarku ta zo hannu wofi ta zauna a gabana.

"Malam, yau babu kunu."

"Gero ya ƙare a ƙasar Ngaski?"

"Gero na nan. Jiya ɗanka ya yi rawar mashayi gaban ɗiyar mutumin nan, kai kana tafi. Ni ma na yi shiru tun ina yarinya don ina son aurena, ban fi ka ba. Amma ni na gaji. Yana nan bakin ruwa. Ka tafi da ƙafarka, in ka dawo ka sha."

Kun san innarku. Na sa hula.

Na same shi ƙarƙashin wata rumfar zana kusa da inda jirage ke tsayawa. Ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi fari, ba ya aiki sai dai masu jirgi su tayar da inji ya saurara ya faɗa musu abin da ke damunsa. Na yi sallama, na durƙusa, gwiwoyina na ƙara.

"Maigida."

"Mutum ɗaya ke kirana haka," ya ce. "Injiniya, kai ne? Zauna, kada ka ɓata riga."

Na faɗa masa komai, tun daga hon har zuwa tef mai ƙyalli. Na yi tsammanin zai yi mamaki. Sai ya yi dariya har da tari.

"Mamman, da na ɗaga kafet ran nan, ka san mi na fara gani? Ɗan kifi, kamar ɗan yatsa, ya bushe. Na ce ikon Allah, motar Alhaji ma ta shiga sana'ar gidan."

"To mi ya hana ka faɗa?"

"Aurenka saura wata biyu. Na sassauta ƙusa ke nan Alhaji ya iso. La'asar da na roƙa, so nike ya tafi in goge ta, in ce datti ne, in kama kunnenka mu biyu. Ba ka bari na kai can ba."

Na ce, to bayan na yi maganar fa, ai kifin na hannunsa.

"Bayan ka ce na sha? In na ɗaga kifi a lokacin, mashayi ne ke neman wanda zai shafa ma laifi. Kuma da na rasa suna, kai ka rasa mata, wa ya ci riba?"

Na roƙe shi gafara. Ya daɗe yana murza gwiwarsa, wani jirgi ya tashi ya tafi bai ce komai a kan injinsa ba.

"Ta mota na yafe tun kafin in kai tasha. Yaro ne ya ga yarinya. Ta ƙwaryar da ka ɗaga, ina kan yi, ban gama ba. Maganar ta riga ni isowa Wara. Ni ke karatu gaban jama'a a coci, dattawa sunka ce in zauna tukuna. Shekara biyu ina zaune a baya, matata na gefena tana kallon ƙasa. Ita ta rasu, ba ka same ta ba. Rifkatu kuwa ɗiyar mashayi ake kiranta a makaranta har ta gama. Wurinta za ka, ba wurina ba."

Na je. Tana da shagon ɗinki a bakin kasuwa. Ta ba ni kujera don ni tsoho ne, ta tsayar da keke, ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce ta yafe ba.

"Na ji, Baba," ta ce. "Amma ni kaɗai na ji, a ɗaki. Waccan kuwa a gaban mutane aka yi ta, har sau biyu."

Shi ya sa na sayi littafin nan da biro. Habibu, kai ka gaji bakina, kuma ban ga laifinka ba, abin da aka ba ka ka miƙa. Ran kasuwar Wara mai zuwa za mu koma tare. Na gaya wa mijin Rabi ya tara waɗanda suka zo suna, a ƙofar gidan da aka yi dariyar, za a kuma kawo Maigida a zaunar da shi a gaba. Ni zan zauna a ƙasa inda kowa zai gan ni. Kai za ka karanta babin nan tun daga farko, kuma muryar nan ta ran suna nake so, kada ka rage ta. Daga nan mu je rumfa a Yelwa ka sake karantawa, ko da masu bencin sun mutu, 'ya'yansu na nan. In mutane sun yi dariya wurin liman, ka bar su su yi, ni ma har yau ina yi. Amma in ka zo nan, ka tsaya sai an yi shiru, sannan ka faɗa a hankali.

Yohanna bai haɗa waya ko ɗaya ba daidai ba. Yohanna bai taɓa sha ba. Ni, Mamman, na kai motar kogi.